Ziyarar lokeshin ɗin finafinan kaboyi a mota mai ɗaki

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi, ko a silima, ko a kaset, ko a waya, ya san wurin nan ko da bai san sunansa ba: fili fetal, jar ƙasa, ga wasu dogayen duwatsu sun yi cirko-cirko kamar dasa su aka yi, can daga nesa kuma ƙura ta turnuƙe, jarumi na tafe a kan doki. 'Yan kallo da dama sun ɗauka zane ne aka yi a sitidiyo. To ba zane ba ne. Wuraren suna nan daram a kudancin jihar Utah da arewacin Arizona, a yammacin Amurka, kuma yawancinsu gandayen daji ne na gwamnati da kowa zai iya shiga in ya biya kuɗin ƙofa.

Hanyar da masu yawon buɗe ido da yawa ke bi su gan su ita ce su yi hayar mota mai ɗaki a Las Vegas a lokacin kaka, su yi zagaye na kusan kilomita 2,000 cikin mako biyu, suna tsayawa suna shiga duwatsun da ƙafa. Nisan kamar mutum ya tashi daga Kano zuwa Ikko ne ya dawo. Sai dai akwai abin da ya kamata mai sha'awar fim ya riƙe tun daga farko. A lokacin shutin akwai darakta, akwai igiyar tsaro, akwai mai shiga wurin haɗari a madadin jarumi, ga motar asibiti a gefe. Matafiyi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In ya yi kuskure babu mai cewa a sake ɗauka.

GIDA A KAN TAYA

Motar da Amurkawa ke kira RV dangin wadda manyan jaruman Holiwud ke hutawa a ciki ce in an fita lokeshin. Wadda aka fi haya tsawonta mita 7 zuwa 9 ne. Akwai gado a baya, akwai wani a saman kan direba, ga tebur ɗin cin abinci da ake naɗewa ya koma gado da dare. Akwai murhun gas, da firji, da banɗaki har da shaya. Lasin ɗin tuƙi na ƙaramar mota ya isa a tuƙa irin wannan.

Amma fa jin daɗin da wahalarsa. Motar na da tankuna uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Bayan 'yan kwanaki dole matafiyi ya nemi wurin da aka tanada, ya sa safar hannu, ya jona tiyo, ya juye dattin da kansa. Wannan fitowar ba a nuna ta a fim. Ga shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya, kusan lita 25 a kowace kilomita 100. Sannan ba a yarda mutum ya faka inda ya ga dama a cikin gandu ya kwana ba. Sai a zangon da aka keɓe, kuma zangon da ke da farin jini tun wata 6 kafin lokacin ake kama wuri ta intanet. Kuɗin shiga ma ba wasa ba ne. Daga Janairun 2026, katin shekara na shiga duk gandayen ya zama dala 250 ga baƙon da ba mazaunin Amurka ba, alhali 'yan gida dala 80 suke biya.

Kuma ba kowa ke zaman irin wannan mota don nishaɗi ba. Fim ɗin Nomadland na 2020, wanda ya ci babbar kyautar Oscar a 2021, labarin wata mata ne da aiki ya ƙare mata, garinsu ya mutu, ta koma kwana a mota tana bin aikin ƙwadago daga jiha zuwa jiha.

ME YA SA SAI DA KAKA?

Yankin hamada ne. A watan Yuli zafi kan wuce digiri 38 a ƙasan kwazazzabai, daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba kuma lokacin hadari ne mai saukar da ruwa bagatatan. Da Oktoba ta kama sai zafin ya sassauta, yara sun koma makaranta, cunkoso ya ɗan ragu. Kakar can kuma ba ta girbi kawai ba ce. Da rana ta fara gajarta, itatuwa kan daina yin sinadarin da ke sa ganye kore, sai launin ɗorawa da ke ɓoye a ganyen ya bayyana kafin ganyen ya kaɗe. Na kan tsaunuka su ke farawa tun ƙarshen Satumba, na bakin rafi a ƙasa sai ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ganye ruwan ɗorawa a jikin jan dutse, ga sama shuɗiya tas, abin sai wanda ya gani.

ZANGON FARKO: ZION

Tafiyar kamar awa 3 ce daga Las Vegas, kilomita kusan 260. Zion ya zama gandun ƙasa a 1919, kuma kwazazzabo ne mai zurfi da kogin Virgin ya yanka cikin jan dutse. Tun shekarar 2000, a yawancin watannin shekara ba a shiga tsakiyar kwazazzabon da motar kai. Ana ajiye ta ne a hau bas ɗin gandu.

Masu son tsofaffin finafinai za su gane yankin. A nan kusa, a wani kufai mai suna Grafton, aka ɗauki fitowar keke ta Butch Cassidy and the Sundance Kid na 1969, wanda Paul Newman da Robert Redford suka fito a matsayin 'yan fashin jirgin ƙasa. Shi Butch Cassidy ba ƙirƙira ba ne. An haife shi a Utah a 1866, kuma cikin duwatsun jihar yake ɓuya bayan ya yi aika-aika.

Tattaki biyu ne suka yi suna a Zion. Na farko Angels Landing, dutse mai tsayin mita 450 daga ƙasan kwazazzabon. Zuwa da dawowa kilomita kusan 9 ne. Ana fara hawa da kwana-kwana, ciki har da wasu guda 21 a jere, sannan a iso inda hanya ta zama siririn gadon dutse, rami a dama rami a hagu, sai sarƙar ƙarfe da aka kafa don riƙewa. Mutane sun sha faɗowa daga nan sun mutu. Cunkoso ya yi yawa har daga Afrilun 2022 aka ce ba mai hawa ƙarshen sai da takardar izini, ita kuma da ƙuri'a ake samun ta.

Na biyu shi ne Narrows, inda kogin da kansa shi ne hanya. Matafiyi zai yi hayar takalmin ruwa da sanda, da kaka ma har da wandon da ruwa ba ya ratsawa saboda sanyi, ya yi ta kutsawa, wani wurin ruwa a gwiwa wani wurin a ƙugu. Bangon dutse ya kai mita 300 a sama, faɗin wurin kuma a wasu sassan bai wuce mita 6 zuwa 9 ba. Haɗarin a nan shi ne ruwan da aka yi a can nesa, inda matafiyi bai ma ga hadarin ba. Dutse ba ya shan ruwa, don haka duk sai ya taru ya kwararo cikin matsatsin da laka da gungume, babu wurin tsira. A ranar 14 ga Satumba, 2015, irin wannan ambaliya ta ci mutum 7 'yan tawaga ɗaya a wani ƙaramin kwazazzabo mai suna Keyhole a cikin gandun. Shi ya sa kafin a sa ƙafa a ruwa ake fara duba sanarwar da jami'an gandu ke liƙawa kowace safiya. In sun ce akwai alamar ambaliya, mai hankali kan haƙura.

Fita daga Zion ta gabas akwai hanyar da aka huda cikin dutse a 1930, tsawonta kilomita 1.8. An yi ta ne daidai motocin wancan zamani, shi ya sa shekara da shekaru sai an tsayar da masu tahowa kafin mota mai ɗaki ta bi ta tsakiya. A 2024 hukumar gandun ta sanar da cewa daga tsakiyar 2026 motocin da suka wuce wani girma ba za su ƙara bin hanyar ba. Don haka tun a wurin haya ya kamata mutum ya san faɗi da tsayin motarsa, in ta yi girma ya shirya yin dogon zagaye.

BRYCE DA HANYA MAI LAMBA 12

Bryce Canyon na arewa maso gabas da Zion, amma a sama yake ƙwarai, mita 2,400 zuwa 2,700 daga matakin teku. Wanda ya baro Zion da riga mai gajeren hannu, a nan sai ya nemi rigar sanyi da hula. A Oktoba ruwa kan daskare da dare, har ya iya fasa bututun motar in ba a kunna na'urar ɗumama ɗaki ba.

Wannan sanyin ne ma ya sassaƙa wurin. Ruwa ya shiga tsagar dutse da rana, da dare ya zama ƙanƙara ya kumbura ya ƙara buɗa tsagar, haka kusan rabin kwanakin shekara. Da tafiya ta yi tafiya sai aka samu dubban ginshiƙai ja da fari, tsaye kamar taron mutane a filin idi. Tattakin da aka fi yi kilomita kusan 5 ne, a gangara cikin ginshiƙan a zagayo a hauro. Gangarawar daɗi, haurowar ce ke nuna wa mutum cewa iskar sama ba ta kai ta ƙasa ba, numfashi sama-sama. An ce manomin da aka sa wa wurin sunansa, Ebenezer Bryce, da aka tambaye shi yadda ya ga wurin, cewa ya yi mugun wuri ne in saniya ta ɓace maka a ciki.

Daga nan sai hanya mai lamba 12, wadda tsawonta ya kai kilomita 200. Akwai wani sashe da ake kira Hogback inda kwaltar ke bin ƙoƙuwar tudu, gangara ta ko'ina, babu ƙarfen kariya. Direban mota mai ɗaki a nan ba ya hira. Bayan an wuce sai a haura tsaunin Boulder, sama da mita 2,800, inda itatuwan aspen masu farin jiki ke komawa ruwan zinare a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Ana gangarowa sai gandun Capitol Reef. A tsakiyarsa akwai lambunan tuffa da wasu 'ya'yan itace da mabiya ɗarikar Mormon suka fara dasawa tun wajen 1880, kuma in lokaci ya yi ana barin baƙi su tsinka su biya. Akwai ma wata ƙofar dutse a can sama da aka sa wa sunan Cassidy.

INDA AKA YI AWA 127

Daga Capitol Reef in an nufi gabas an wuce ɗan garin Hanksville, akwai wata hanyar birji da ta ɓalle dama ta nausa daji kusan kilomita 50. Kamfanonin haya yawanci ba su yarda a bi irinta da motarsu ba. Can ciki ne tsohuwar maɓoyar su Cassidy take, kuma can ne kwazazzabon Bluejohn, kusa da wani yanki na gandun Canyonlands.

A ranar 26 ga Afrilu, 2003, wani matashi ɗan shekara 27 mai suna Aron Ralston ya shiga wurin shi kaɗai. Gwani ne a hawan dutse, ba sabon shiga ba. Yana sauka cikin wani matsatsi sai wani dutse mai nauyin kilo kusan 360 ya gangaro ya danne masa hannun dama a jikin bango. Kwana 5 yana nan. Ruwansa ya ƙare, ya ɗauki kansa a bidiyo yana ban kwana da iyayensa, ya rubuta sunansa a jikin dutse. A ranar 1 ga Mayu ya karya ƙasusuwan hannun da kansa, ya yanke shi da wata dakusasshiyar wuƙa, ya sauka gangaren mita 20 da igiya, ya yi tafiyar kilomitoci kafin ya gamu da wasu iyali 'yan ƙasar Holan, daga bisani jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi.

Labarin ne darakta Danny Boyle ya mayar fim a 2010 da sunan 127 Hours, James Franco ya fito a matsayin Ralston, kiɗan kuma na A.R. Rahman ne, wanda masu kallon finafinan Indiya ba sa buƙatar a gabatar musu da shi. 'Yan kallo sun fi tuna wurin yanke hannun, har an samu waɗanda suka suma a silima. Amma babban kuskuren tun kafin faɗowar dutsen aka yi shi: Ralston bai gaya wa kowa inda za shi ba, shi ya sa aka daɗe ba a san inda za a neme shi ba. Dokokin tattaki a wannan yanki ba su da yawa. A faɗa wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa. A ɗauki ruwa lita 4 ga kowane mutum a yini ko da garin da sanyi. A riƙe tocila, domin da kaka rana na saurin faɗuwa. Kada kuma a dogara da waya, don yawancin wuraren babu sabis.

MOAB, GARIN 'YAN FIM

Moab ƙaramin gari ne a bakin kogin Colorado, amma masu shirya fim sun saba da shi tun ƙarshen shekarun 1940. Gandun Arches na bakin garin, kuma akwai ƙofofin dutse fiye da 2,000 a cikinsa waɗanda ruwa da sanyi suka huda. Farkon Indiana Jones and the Last Crusade na 1989, inda aka nuno jarumin yana yaro ɗan sikawut, a nan aka ɗauka, kusa da tagwayen ƙofofin da ake kira Double Arch.

Wadda ta fi suna ita ce Delicate Arch, mai tsayin mita 16, wadda hotonta ke jikin lambar motocin Utah. Zuwa da dawowa kilomita kusan 5 ne a kan falalen dutse, babu inuwa, a ƙarshe kuma a bi wani siririn gefe. Ba a hango ta sai an sha kwanar ƙarshe, sai kawai a gan ta tsaye ita kaɗai a bakin rami, ga tsaunukan La Sal a bayanta waɗanda da kaka sukan fara ɗaukar dusar ƙanƙara. Su ma ƙofofin ba dawwamammu ba ne. A Agustan 2008 wata babba mai suna Wall Arch ta rushe cikin dare, da safe sai tarin duwatsu aka tarar.

Tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga garin akwai Dead Horse Point, gandun jiha, inda mutum ke leƙa kogin Colorado daga tsayin mita 600. A nan Tom Cruise ya maƙale a jikin dutse a farkon Mission: Impossible 2 na shekarar 2000. Shi da kansa ya hau, amma da igiyar tsaro a jikinsa wadda aka goge da kwamfuta daga baya. A ƙasan wurin kuma aka ɗauki ƙarshen Thelma & Louise na 1991, inda matan biyu suka afka rami da motarsu. A labarin an ce Grand Canyon ne, kuma har yau mutane da yawa haka suka ɗauka.

ƘASAR NAVAJO

Kilomita kusan 240 kudu da Moab, a kan hanya mai lamba 163, kwalta ta miƙe sambal ta nufi wasu duwatsu uku-huɗu a can gaba. Nan ne Tom Hanks ya tsaya da gudu a Forrest Gump na 1994, bayan ya shafe sama da shekara 3 yana yi. Kullum za a ga mutane tsaye a tsakiyar titin suna ɗaukar hoto, sun manta hanyar manyan motoci ce.

Duwatsun su ne Monument Valley, uwar lokeshin ɗin kaboyi. Ba gandun gwamnatin tarayya ba ne, na ƙabilar Navajo ne, su suka kafa shi a 1958, su ke karɓar kuɗin ƙofa, kuma katin shekarar nan ba ya aiki a nan. Yadda Holiwud ta san wurin shi ne, a 1938, lokacin da talauci ya addabi yankin, wani mai kanti a wurin, Harry Goulding, ya kwashi hotunan duwatsun ya kai Los Angeles har suka isa hannun darakta John Ford. Sakamakon shi ne Stagecoach na 1939, fim ɗin da ya fito da John Wayne. Ford ya yi ta dawowa, ciki har da The Searchers na 1956.

'Yan Navajo sun samu aiki a finafinan, amma wane irin aiki? Su ne maharan da ake harbewa suna faɗowa daga doki, kuma ma da sunan wasu ƙabilun, Apache ko Comanche. A zahiri su aka kai wa hari. A 1864 sojojin Amurka suka tasa dubbansu a gaba da ƙafa, tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa wani sansani a New Mexico, da yawa suka mutu, sai 1868 aka bar su suka dawo gida. Har yanzu akwai iyalai da ke zaune a cikin kwarin da tumakinsu. Don haka baƙo ba ya ɗaukar hoton mutum ko gidansa sai da izini, ba ya hawa duwatsun, giya kuma haramun ce a duk ƙasar Navajo. Hanyar zagayen kwarin birji ce ta kilomita 27, ba a barin mota mai ɗaki ta shiga, sai a bi motar ɗan jagora ɗan ƙabilar. Mai son takawa da ƙafa kuwa akwai hanyar Wildcat, kilomita 5 zuwa 6, wadda ke zagaye ɗaya daga cikin duwatsun nan biyu masu kama da tafin hannu.

ZANGON ƘARSHE

Kafin a koma Las Vegas sai an tsaya a Grand Canyon na gaskiya, wanda tsawonsa ya kai kilomita 446, zurfinsa kuma ya haura mita 1,600. Bakin kudu a buɗe yake duk shekara, har da zangon da ake jona wa mota wuta da ruwa. Tarkon wurin shi ne da gangara ake farawa. Mutum na tafe yana jin ƙarfi, bai ankara ba ya yi nisa, ƙasan kuma ya fi saman zafi da fiye da digiri 10, ga haurowa na cin ninkin lokacin sauka. Allunan gargaɗi na nan a bakin hanya suna cewa kada a yi gangancin zuwa kogi a dawo a yini guda, amma duk shekara sai an ceto ɗaruruwan mutane.

Wanda ya gangara kilomita 2 ko 3 ya juyo da sauran ruwa a gorarsa, zai iso mota kafin duhu, ya ɗora shayi, ya miƙe ƙafa. Washegari saura kilomita kusan 450 zuwa Las Vegas. A can za a juye tankuna, a cika mai, a share jar ƙasar da ta shiga ko'ina har cikin gado, sannan a miƙa makulli.